Katifar Iska da Tabarmar Kaba

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye na gundumar Mayahi, na sayi katifar iska ta gwanjo a kasuwar Tasawa. Don rage kaya a kan babur, sai na yanke ta daidai gwiwa, mai faci ya liƙe mini bakin. Ƙafafuna kuwa a kan jaka nake ɗora su.

Kwana uku kacal ta yi. Ƙarangiya ta huda ta, na farka a ƙasa.

Wata ɗalibata da na sha tsawata wa saboda makara ita ce ta kawo mini 'yar tabarma, saƙar hannunta. Ta ce, "Mushe, ka fara shimfiɗa wannan, ƙarangiya ba ta ratsa kaba." Ashe kullum da asuba Gulbin Kaba take zuwa yanko kaba, kuma da kuɗin tabarmi ake saya mata littafin rubutu. Kunya ta kama ni.

Na yi wa katifar faci, har yau tabarmar na ƙarƙashinta. 'Yan'uwana malamai, kafin mu ɗaga bulala kan makara, mu tambayi yaro daga ina yake.