Kafin Sashen ya Mutu

Idan wani sashe ya mutu a cikin katangar tsaron intanet ta babban kamfani, cire shi da saka sabo ba ya ɗaukar dogon lokaci. Akwatin wutar lantarki ko fanka ma, a manyan na'urorin Cisco ko Palo Alto, ana zare su ba tare da an kashe na'urar ba. Wahalar tana can baya. An adana kwafin saitin kuwa? Manhajar sabon sashen ta yi daidai da ta tsohon? Lasisin da aka ɗaure da lambar tsohuwar na'ura, an maida shi kan sabuwa? A ganina, ranar da aka kafa na'urar ake fara gyaran nan, ba ranar da ta lalace ba.

Wani zai ce sayen na'ura biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jira, almubazzaranci ne, tunda akwai yarjejeniyar kawo kayan canji cikin awa 4. Da gaskiyarsa ta fuskar kuɗi. Sai dai awa 4 a wuri kamar banki ba ƙaramin abu ba ne, kuma alƙawarin bai kai kowane gari ba. Wani abin da za a shirya tun farko shi ne: idan faifan ajiyar bayanai ne ya mutu, a goge shi ko a lalata shi kafin ya fita daga ginin. Sirrin kamfanin yana ciki.