Hadarin Bazara a Madatsar Gimbawa

A ƙarshen watan Afrilu, mu huɗu muka bar Hunkuyi da asuba, muka ratsa gonakin raken Makarfi, muka sauka a madatsar ruwa ta Gimbawa da ke Ikara domin kamun kifi. Bazara ta janye ruwa, kifi ya taru a gurbi, kafin azahar tarwaɗa da karfasa sun rufe cikin kwalekwalenmu.

Can sai gabas ta haɗe. Dattijon masuncin da ke tuƙa mu ya dubi sama ya ce, "Malamai, a naɗe fatsa." Muka roƙi minti goma, ya juya jirgi bai tanka ba. Ba mu kai gaɓa ba iska ta taso da jar ƙura, igiyar ruwa na faɗowa ciki, muna kwalfewa da ƙwarya. A nan na tuna biyu daga cikinmu ba su iya iyo ba, kuma babu rigar kariya ko ɗaya a jirgin.

Allah Ya kuɓutar da mu ta hannun dattijon nan. Duk mai hawa ruwa da bazara ya tanadi rigarsa, kuma idan masunci ya ce a koma, kada a yi masa musu.