Inji Ne Na Ƙarshe a Motar Rali

Idan aka ajiye motar tseren rali a gaban masu sha'awar mota, kafin ka ce kwabo an ɗaga bonet. Kowa inji yake son gani, kowa tambayarsa ɗaya: doki nawa gare ta, kilomita nawa take ci a awa? Da wuya ka ga wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ko ya bi layin waldar da ke bakin ƙofa da yatsa. Ni kuwa abin da nake gani shi ne, a aikin haɗa motar rali, inji ne abu na ƙarshe da ya cancanci kuɗin mai mota da lokacin bakanike. Gangar jiki ce farko, sai ƙafafu, sai kariyar ƙasan mota, sannan a waiwayi inji da abin da ya rage a aljihu. Wanda ya juya wannan tsari ya fara da inji, ya haɗa motar da za ta burge 'yan kallo a kilomita goman farko, daga nan a loda ta a bayan babbar mota a mai da ta gida.

Dalilin yana cikin yanayin gasar kanta. Rali ba zagayen fili mai kwalta ba ne inda gareji ke kusa da kai kowane minti biyu. Ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya a hanyar da aka rufe, burji ko daji ko ƙanƙara, a ɗauki lokacin kowacce, sannan ta hau titin jama'a da lambarta da fitilunta kamar kowace mota ta tafi zango na gaba. A tsakanin nan babu bakaniken da ke da izinin taɓa ta. Direba ne da abokin tafiyarsa mai karanta masa takardar hanya, sai sifana da jak da safaya da suka ɗauko. Noti ɗaya ya kwance a ƙafar baya, to aikin wata shida ya tashi a banza, ko da injin na ruri kamar zaki.

Babu inda wannan ya fito fili kamar gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda aka fara a 1953 don bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta biyu, aka riƙa ratsa Kenya da Uganda da Tanganyika, tafiyar da kan kai kilomita 5,000. A 1963 motoci 84 suka tashi, bakwai kacal suka iso, kuma wadda ta zo ta ɗaya Peugeot 404 ce a hannun Nick Nowicki, motar iyali da ba wanda zai kira ta mai gudu. Ita dai 404 ɗin ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968. A 1965 kuwa Joginder Singh, ɗan Kenya, shi da ɗan'uwansa Jaswant suka ci da Volvo PV544 ta hannu, wadda ta riga ta sha wuyar gasar a shekarar da ta gabata. Suka saye ta, suka warware ta, suka ɗaure ta da hannunsu inda suka san hanyar ƙasarsu ke karya mota, suka bar kamfanoni masu sababbin motoci a baya. A 1975 Ove Andersson ya ci da Peugeot 504, a shekarar da aka fara haɗa wannan mota a Kaduna. Direbobin tasha da suka yi shekaru suna lodin Fijo har saman rufi ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da ya sa ta ci: ƙafa mai dogon numfashi da jiki mai jure gargada.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta shekarun 1984 zuwa 1986. Lokacin ne zamanin motocin da ake kira Rukunin B, waɗanda doka ta sakar wa mara: kamfani ya ƙera guda 200 kawai, ya zuba ƙarfin da ya ga dama. Audi Quattro da Peugeot 205 T16 da Lancia Delta S4 duk tayoyi huɗu ke jan su, kuma a ƙarshen zamanin ƙarfinsu ya haura doki 450. Toyota ta zo da Celica mai turbo, tayoyin baya kaɗai ke turawa, ƙarfinta bai kai doki 400 ba, a hanyoyin Turai kuwa ba ta iya kama ƙurarsu. Amma ta ci Safari sau uku a jere, Björn Waldegård a 1984, Juha Kankkunen a 1985, Waldegård kuma a 1986. Ita 205 T16 da ta lashe kambin duniya a 1985 da 1986, ko sau ɗaya ba ta ci Safari ba. Lancia ma da ta tashi zuwa Kenya a 1986, sai ta bar S4 a gida ta ɗauko tsohuwar 037 mai sauƙin ciki. Injiniyoyin da suka ƙera dodon su ne suka fara shakkar ko zai kai Nairobi da ransa.

To me ake yi wa motar tun farko? Ana tsiraita ta ne gaba ɗaya: kujeru, kafet, rufin ciki, wayoyi, gilasai, har kwaltar da kamfani ke shafawa a ƙasa don rage ƙara, sai ta koma ƙwarya. Motar kasuwa ɗigon walda ne ke riƙe da fallayen ƙarfenta, ɗigo nan ɗigo can, wanda ya isa zuwa ofis da cefane amma ba ya jure tsalle da dira sau ɗari a yini. Sai mai walda ya bi gaɓoɓin yana ɗinke su kaɗan-kaɗan, yana tsallakawa yana dawowa don kada zafi ya murɗe ƙarfen, ya ƙara faranti a inda shokazoba ke cizon jiki. Bayan nan a shigar da kejin ƙarfe, bututun da ba shi da ɗinki, mai kauri da faɗin da hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta ƙayyade. A nan mutane ke kuskure, suna ɗauka kejin don ranar hatsari kaɗai aka yi shi. Aikinsa na kullum shi ne hana jikin motar lanƙwasa. Idan jiki na murɗewa a kwana, duk lissafin da aka yi wa ƙafafu ya rushe, domin jikin ya zama wani sifirin na biyar da ba wanda ya auna shi. Kejin da aka haɗa da bututun famfo kuwa, gara babu shi, don ranar da mota ta kife shi ne zai zama mashi a cikin ɗaki.

Sai ƙafafu, inda ya kamata mafi yawan kuɗin ya tafi. Ƙarfin inji ba shi da hanyar isa ƙasa sai ta tafin taya, kuma tayar da ke sama tana lilo ba ta tura komai, ba ta birki, ba ta juya mota. Aikin shokazoba shi ne ta mai da tayar ƙasa da wuri, ta kuma haɗiye dukan. Tana yin haka ne ta matse mai a ƙananan ramuka, duk dukan da ta haɗiye ya zama zafi, idan man ya yi zafi ya tsinke sai mota ta fara rawa kamar kwale-kwale. Shi ya sa ta rali take da kauri, da ƙarin tulun mai a gefe. Ƙarƙashin motar kuma a rufe shi da faranti mai kauri don dutse kada ya fasa tukunyar baƙin mai, a janye bututun birki da na fetur daga ƙasa a bi da su ta ciki, a sa wa lagireto raga. A Kenya har bututun shaƙar iska ake ɗagawa zuwa saman rufi saboda ruwa da kuma ƙurar nan mai laushi kamar garin fulawa da suke kira fesh-fesh, wadda kan toshe wa inji numfashi.

Mai musu zai ce duk wannan tarihi ne. Safari ta yau ba ta kilomita 5,000 ba ce, tun da ta dawo gasar duniya a 2021 bayan rabuwa da ita tun 2002 ta zama 'yan kilomita ɗari uku da wani abu a kewayen Naivasha, kuma a gajeriyar tafiya mai gudu ne ke ci. Akwai gaskiya a ciki, tazara ta koma ta daƙiƙu maimakon awanni. Amma a duba abin da ya faru a 2021 ɗin. Thierry Neuville na Hyundai ya wayi garin ranar ƙarshe yana gaba da kusan minti ɗaya, sai shokazobar baya ta dama ta karye, nan gasarsa ta ƙare, Sébastien Ogier na Toyota ya ci. Injin Neuville lafiyarsa ƙalau. Kuma ko da mutum ya so ya yi takara da inji, doka ta riga ta toshe ƙofar. Motocin ajin Rally2, irin su Škoda Fabia da Ford Fiesta da ake gani a gasar Afirka, injinsu lita 1.6 ne, an kuma sa wa bakin turbo wani zobe mai faɗin milimita 32 da ke ƙayyade iskar da za ta shiga, don haka kowa yana wajen doki 290. Idan kowa hancinsa ɗaya, bambancin sai ya koma ƙafa da birki da taya. Toyota ta taɓa gwada zagaye irin wannan zobe da dabara a 1995, aka kama ta a gasar Kataloniya, aka soke makinta na shekarar, aka dakatar da ita shekara guda.

Wani kuma zai ce ƙarfafa jiki nauyi ne, nauyi kuwa abokin gabar gudu. Haka ne, kuma akwai masu wuce gona da iri su mai da mota tankar yaƙi, su ɗora wa ƙafafun da suke son karewa kayan da zai karya su. Sai dai ita ma doka ta sa mafi ƙarancin nauyi, kilo 1,230 a ajin Rally2, saboda haka tambayar ba ko za a ɗauki nauyi ba ce, a ina za a ajiye shi. Gwanin bakanike yana cire shi daga sama ya mai da shi ƙasa da tsakiya: batir da safaya da abin kashe gobara su sauka ƙasa, kujerar mai karanta hanya a zaunar da ita can ƙasa har da ƙyar yake hango bonet. Farantin da ke kare tukunyar mai yana nan a wuri mafi ƙasa a motar, inda nauyi bai cika cutarwa ba.

Musun da ya fi mini nauyi shi ne na rai. Za a ce ai keji da bel mai ɗauri shida da hular kwano da abin riƙe wuya ba su hana mutuwa ba, ga direba Craig Breen da ya rasu a watan Afrilun 2023 yana gwajin mota a Kuroshiya, a cikin motar da ta cika kowane sharaɗi. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ajali idan ya zo babu ƙarfen da ke tare shi. Amma a kwatanta zamani biyu. A 1986, lokacin da ƙarfin inji ya tsere wa sauran sassan mota, Ford RS200 ta kutsa cikin 'yan kallo a Fotugal ta kashe mutum uku, sannan ranar 2 ga Mayu Henri Toivonen da Sergio Cresto suka ƙone a cikin Delta S4 a tsibirin Kosika, motar da tankin manta ke ƙarƙashin kujerunsu. Daga ƙarshen wannan shekara aka soke Rukunin B. A Janairun 2020 kuwa Ott Tänak ya bar hanya a gasar Monte Carlo yana gudun kusan kilomita 180 a awa, motar ta yi ta wuntsilawa cikin itatuwa ta gangara, shi da abokin tafiyarsa suka fito da ƙafafunsu. Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai kusan shekaru 34 na aikin walda da gwajin bututu da sauya wa tanki mazauni, aikin da ba ya fitowa a hoto.

Akwai wani ɓangare na shirin da ko masu yarda da ni kan manta, wato a haɗa mota yadda za ta warwaru da sauri. Lokacin gyara a gasar duniya ƙidayayye ne, na ƙarshen yini minti 45, wanda ya wuce a ci shi tarar lokaci. Don haka tun a gareji ake tunanin hannun da zai shiga lungu cikin duhu da laka: notuna su zama girma ɗaya gwargwadon iko don kada a yi ta neman sifana, kowane noti mai muhimmanci a ɗiga masa fenti don a gane da ido idan ya motsa, wayoyi su zama masu cirewa da soket ɗaya, giyabos ya fito ba tare da an sauke rabin mota ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A gasar Meziko ta 2015 Tänak ɗin nan dai, a lokacin yana tuƙa Ford Fiesta ta kamfanin M-Sport, ya faɗa cikin wata madatsar ruwa, shi da abokin tafiyarsa Raigo Mõlder suka fito da iyo, motar ta nutse ta yi awanni a ƙasan ruwa kafin a ciro ta. Doka ta ba makanikai awa uku. Suka zubar da ruwan da ke cikin inji, suka canza giyabos da turbo da tankin mai da kayan lantarki, suka tayar da ita kafin lokacin ya cika. Damshi ya sake tsayar da ita washegari, suka sake bin ta, ranar Lahadi kuma ta hau dandamalin kammala gasa da ƙafafunta.