Muratori da Aikin Adana Tarihin Italiya

An haifi Ludovico Antonio Muratori a garin Vignola na ƙasar Italiya a shekarar 1672. Limamin coci ne, amma a tsakanin littattafai ya ƙare yawancin rayuwarsa. A 1695 ya kama aiki a ɗakin karatu na Ambrosiana da ke Milan, sannan a 1700 mai mulkin Modena, Rinaldo d'Este, ya kira shi ya kula da littattafai da tsofaffin takardun fadarsa. A nan ya zauna har rasuwarsa a 1750.

A zamaninsa tarihin Italiya a warwatse yake cikin rubuce-rubucen hannu da ke ajiye a majami'u da fadoji da gidajen manya. Muratori ya yi ta aika wasiƙu ga masana gari-gari yana neman kwafi, yana gwada wannan da wancan don tantance sahihi. Daga 1723 ya fara buga Rerum Italicarum Scriptores, tarin labaran da marubutan Italiya suka bari daga shekarar 500 zuwa 1500. Tsakanin 1738 da 1742 ya fitar da Antiquitates Italicae Medii Aevi cikin juzu'i 6, inda ya yi nazarin dokoki, kuɗaɗe, kasuwanci da al'adun mutanen dā. Daga baya ya rubuta Annali d'Italia, tarihin ƙasar shekara bi shekara.

Darajar aikinsa tana cikin haƙuri da riƙon amana. Ya fifita shaidar takarda a kan jita-jita, ya kuma miƙa asalin rubutun ga masu karatu domin kowa ya auna da kansa. Har yau masana tarihin Italiya suna komawa ga abin da ya tattara.