Yaron Da Na Yi Wa Bulala

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a Ajegunle, akwai wani yaro ɗan aji huɗu, kullum sai ya ɗaga hannu sau biyar, "Malam, zan zaga." Na ɗauka wayo ne, har na yi masa bulala. Ashe zawo ke cinsa wata da watanni.

An ba shi maganin tsutsar ciki, a banza. Sai da likita ya ɗebo ɗan naman hanjinsa ya duba da madubi, kana ya ga waɗansu murɗaɗɗun ƙwayoyin cuta sun jeru a jikin hanjin kamar gashin buroshi. Sunansu Brachyspira, ba safai akan gamu da su ba. Flagyl ya sha ya warke.

Ran da ya komo aji na kasa duban idonsa.