Kwana Uku a Barandar Wani Asibiti a Katsina

Wayar ta same ni a ofis ranar wata Talata, ina tsakiyar duba takardun jarrabawar ɗalibai. Ƙanwata ce daga gida: jikin Gwaggo ya tashi, an kai ta asibiti, likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Ban tsaya neman ƙarin bayani ba. Kafin la'asar na bar Kano, na bi ta Bichi da Tsanyawa, na wuce Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya da Charanchi, gero da dawa tsaye dama da hagu sun fi mutum tsawo, domin ƙarshen damina ne. Ana kiran sallar magariba na shiga birni ta Ƙofar Ƙaura.

A Katsina aka haife ni, kuma duk lokacin da na kawo baƙo daga cikin abokan aiki na san inda nake kai shi. Mu tsaya gindin Hasumiyar Gobarau, mu ratsa Filin Kangiwa mu kalli Ƙofar Soro, mu ƙarasa tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Idan baƙon mai son tarihin malamai ne sai in ƙara masa da labarin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Ban taɓa kai kowa barandar asibiti ba. Amma a wannan zuwa na gane cewa duk mai son sanin halin da ƙasar Katsina take ciki a yau, can ya kamata ya shimfiɗa tabarma ya kwana. A nan mutumin Batsari yake haɗuwa da na Jibiya, na Safana da na Ɗanmusa, har da waɗanda suka tsallako iyaka daga wajen Maraɗi. Kowa da buta da ƙullin kaya, kowa yana jiran a kira sunan wani nasa.

Wanda bai taɓa jinya ba zai ɗauka cewa likita da nas su ne asibiti. A tsarinmu akwai mutum na uku wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma da shi aka gina komai, wato mai jinya. Shi ne zai yanki kati, ya sayo magani, ya kai jini ɗakin gwaji ya koma ya karɓo sakamako, ya kawo abinci, ya juya mara lafiya, ya zubar da fo, ya zuba ido kada ledar ƙarin ruwa ta ƙare ba a sani ba. Nas ɗaya ko biyu ba za su iya yi wa ɗaki guda wannan hidima cikin dare ba, ko da kuwa sun so. Saboda haka gado ba ya cika gado sai da ɗan'uwa a gefensa.

To, ni ne ɗan'uwan Gwaggo a daren, kuma ban tsinana komai ba. Ƙanwata ta gabatar da ni da "Dakta", nan take mata biyu suka taso da takardun maganinsu in duba musu. Da kunya na yi musu bayanin cewa nawa digirin na nazarin al'umma ne, ko allura ban iya riƙewa ba. An ce a nemo leda biyu ta jini. Jinin Gwaggo kuwa irin rukunin nan ne na O da ba a cika samu ba, wanda mai shi ke iya bai wa kowa amma shi ba ya karɓa sai daga irinsa. Aka gwada nawa bai yi ba, aka gwada na ƙanena bai yi ba. Ina tsaye riƙe da takarda, ban san gabas ba ban san yamma ba, sai wani saurayi cikin kakin 'yan agaji ya matso ya rusuna.

"Malam, sannu da mai jiki. Mi aka ce a kawo?"

Na miƙa masa takardar. Ya duba, ya zaro wani tsohon littafin rubutu na 'yan makaranta daga aljihun wandonsa, gefensa duk ya nannaɗe. Sunaye ne a ciki da lambobin waya, kowane rukunin jini da shafinsa, kuma a gaban kowane suna ya rubuta ranar da mutumin ya bayar na ƙarshe, domin namiji lafiyayye sai ya yi wata uku kafin a sake ɗibar nasa. Shafin da muke nema bai wuce layi shida ba. Na farko wayarsa a kashe, na biyu yana Funtuwa. Na uku ya iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare cikin kurkurar da yake haya da ita (haka muke kiran adaidaita-sahu a Katsina), ya kwanta aka ɗebi mililita 450 a jikinsa cikin kamar minti goma. Da na bi shi waje na dunƙula masa wani abu, sai ya ja da baya kamar na miƙa masa garwashi. "Haba Malam, ai ba sayarwa na zo yi ba. Allah dai Ya ba Gwaggo lafiya." Leda ta biyu da safe aka samu, ita ma ta cikin littafin nan.

Na daɗe ina koya wa ɗalibai yadda jama'a ke tsara kansu idan hukuma ta yi musu nisa, ina kawo misalai daga littattafan Ingila da Amurka. Ga misalin a aljihun wani tela, domin daga baya na ji cewa ɗinki ne sana'arsa: da rana yana shago, dare uku a mako yana asibiti.

A dare na biyu hankalina ya ɗan kwanta, sai idona ya buɗe. A ɗakin maza akwai wani dattijo da aka kawo daga wani ƙauye na yamma, wanda 'yan bindiga suka tarwatsa mutanensa. Wanda ya kawo shi ya koma neman sauran iyali, bai dawo ba. Ba shi da mai jinya, wato a tsarin da na bayyana ba shi da hannu, ba shi da ƙafa. 'Yan agajin ne suka raba shi a tsakaninsu. Wannan ya goge masa jiki, wancan ya ba shi kunu da cokali, wani ya zaga wurin masu jinya da 'yan dubiya yana haɗa kuɗin magani, ɗari biyu, ɗari biyar. A ɓangaren mata kuma akwai wata tsohuwa da ke zuwa bayan sallar asuba da bokitin koko, ba ta da kowa a kwance, tana bi gado-gado tana tambayar wa bai karya ba. Gwaggo ta ce da ita, "Yaya, ke kuwa ba ki gajiya?" Ta ce ɗiyarta ta taɓa kwanciya a nan shekarun baya, wasu suka ciyar da su, ita bashi take biya.

Sunan wannan aiki a Hausa shi ne sa-kai, kuma abin takaici ne yadda kalmar ta sauya a kunnenmu. Yau idan ka ce "ɗan sa-kai" a Katsina ko Zamfara, abin da zai faɗo wa mai saurare shi ne mutum da bindigar gargajiya a bakin daji. Rashin tsaro ya ƙwace mana gonaki, ya haɗa da kalma. Alhali asalinta mai faɗi ne, 'yar'uwar gayya ce, wadda da ita kakanninmu suke nome gonar mara lafiya su ɗora wa gwauruwa jinka. Ba kuma mu kaɗai muka san ta ba. A Madina, Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tanti tana jinyar masu rauni, kuma a wurinta aka kwantar da Sa'adu bin Mu'azu bayan Yaƙin Gwalalo. A Turai, wani ɗan kasuwa mai suna Henri Dunant ya tarar da dubban sojoji yashe a filin daga na Solferino a 1859, ya tattara mutanen gari, akasarinsu mata, suka yi jinyarsu. Daga nan aka kafa Red Cross a 1863, reshenta na Nijeriya kuma ya samu dokarsa a 1960. A Arewa, rundunonin agaji na Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala su suka fi yawa, ga kuma matan zumunta na majami'u da ke zagayen dubiya. Mun saba ganin masu kakin a filin idi da wurin tafsiri da sansanin alhazai suna ba motoci hannu, har wasunmu na yi musu kallon waɗanda suka rasa abin yi. Ni ma, in faɗi gaskiya, na taɓa yi musu wannan kallon.

Dare na uku muka zauna da saurayin a bencin mai shayi na bakin ƙofa, na tambaye shi abin da yake samu. Ya yi dariya ya ce lada. Na ce ban da lada. Sai ya fara lissafi. Ya iya tsayar da jini, ya iya ɗaure karaya kafin a kai ga likita, ya san yadda ake ɗaukar wanda ya yi haɗari ba tare da an ƙarasa masa ƙashin baya ba, ya iya danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya. Ya san wace takarda ake kaiwa wace taga. Ya iya magana da mutumin da aka gaya wa mummunan labari yanzu-yanzu, abin da babu jami'ar da ke koyar da shi. A unguwarsu, in ciwo ya tashi cikin dare ƙofarsu ake bugawa. Burinsa ya shiga makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ko ta Daura, ko ta aikin jinya da ke nan Katsina, kuma ya ce abokansa biyu ta wannan hanya suka gano abin da suke so su zama. Shi darasi ɗaya ne ya tsare shi a jarrabawar kammala sakandare, yana shirin sakewa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ranar da zai nemi gurbin, shekarun da ya yi a barandar nan ba za su ƙara masa ko maki ɗaya ba. Babu takardar da ta nuna su. Ni da nake zama a kwamitocin tantance ɗalibai na san abin da muke dubawa, kuma na san yawan waɗanda muke yayewa da sakamako mai kyau ba su taɓa riƙe hannun wani baƙo da ke cikin wahala ba. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, amma tukwicin da ya dace da irin wannan saurayi ya wuce a kira shi gaban taro ranar 5 ga Disamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa masu aikin sa-kai tun 1985, a miƙa masa allo a ɗauki hoto. Rajista yake buƙata da za a riƙa rubuta sa'o'insa, shugaban asibiti ya sa hannu, makarantun lafiya su karɓe ta a matsayin hujja. Yana buƙatar safar hannu da ba daga aljihunsa ta fito ba, da allurar rigakafin ciwon hanta, tun da kullum cikin jinin mutane yake. Ko abincin dare a ba shi. Jami'o'in da ke cikin birnin nan, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Ƙalam, suna da dubban matasa da za a iya tsara musu irin wannan hidima a saka ta cikin sakamakonsu.

Sai dai akwai wani nau'in sa-kai da ba na son yabona ya lulluɓe shi. A asibitoci da dama na Arewa za ka tarar da matasan da suka gama karatun jinya ko ungozoma, da lasisinsu, suna aiki shekara da shekaru ba albashi, ko da ɗan abin da bai kai kuɗin mota ba, cikin fatan wata rana za a ɗauke su. Su ma 'yan sa-kai ake kiran su. Wanda ya ba da daren da ya rage masa bayan ya tashi daga shago kyauta ya yi. Wanda aka riƙe wa haƙƙin sana'arsa kuwa bashi ake ci a wuyansa, kuma godiya ba ta biyan bashi. Nauyin ma ya fi ƙarfin kyauta. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke kula da yara masu tamowa a jihar nan, ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon 2025. Bokitin koko ba zai tare wannan ba. Mun kuma ga yadda ake saurin mantawa: ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, aka yi jawabai, amma matan unguwa da suka shekara suna bi gida-gida suna lallashin iyaye, ana rufe musu ƙofa suna komawa, kaɗan ne suka ji an ambace su.

Ranar Juma'a da hantsi aka sallami Gwaggo, tana takawa da ƙafarta. Na zaga neman saurayin in yi masa sallama, in kuma karɓi cikakken sunansa domin in rubuta masa takardar shaida, iyakar abin da digirina zai iya yi masa ke nan. Ban same shi ba. Gadon dattijon nan na ɗakin maza an cire zanensa, an jingine katifar a rana. Mai shayi ya ce da asuba ya cika, kuma da yake har lokacin babu wanda ya zo daga danginsa, yaran ne suka yi masa wanka suka haɗa kuɗin likkafani, yanzu haka suna maƙabarta.

Na yagi takarda na rubuta lambar wayata, na ƙara da rukunin jinina a ƙasa, na ce a ba shi ya sa a littafinsa. Mai shayi ya ninke ta ya tura ƙarƙashin gwangwanin madara, ya juya ya ci gaba da fifita wutarsa.