Jarka Huɗu da Mudun Annabi



A hutun bara ne ni da wasu malamai biyu na makarantarmu muka haɗa kuɗi muka sayi tsohuwar bas, ƙirar Toyota HiAce. Niyyarmu ita ce mu riƙa shiga rugage muna karantar da yara Fatiha da tsarki ba tare da mun ɗora wa talakan makiyayi nauyin masauki ba. Kunya ba za ta bar shi ya ce ba shi da hali ba, sai dai ya yanka abin da bai shirya yankawa ba.

Muka cire kujerun baya kaf. Mai walda ya ƙera gadon ƙarfe mai hawa biyu, kafinta ya shimfiɗa katako a ƙasa, ya yi akwatin littattafai wanda shi ne kuma gadon mutum na uku. Muka ɗora faifan sola a kan rufi, muka sa raga a tagogi saboda sauro. Duk wannan bai wuce mako uku ba.

Ruwa ne ya gagare mu. Na so a ɗaura duro mai lita 200 a baya, makaniki ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, kowace lita kilo guda ce. Ka tara wannan nauyi a kan tayoyin baya ka shiga hanyar daji, ni za ka kira." Muka haƙura da jarka huɗu masu lita 25, biyu a kowane gefe.

Da yammacin rana ta uku ruwa ya ƙare, rijiya kuwa tana da nisa, kuma matan rugar suka riga mu layi. Muka zauna lissafi, sai ga ɓarawon ya fito: alwala ce. Butata tana cin lita biyu, kuma na saba juye ta tas a kowace salla. Mu uku, salla biyar, lita 30 ke nan a yini, ba a zo maganar girki ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ya ɗan'uwa, shi ne shekara goma ina karantar da babin tsarki. Sau nawa na faɗa wa ɗalibai hadisin Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, a kan cewa mudu guda ya ishi Manzon Allah (SAW) alwala, wanka kuma sa'i guda zuwa mudu biyar? Mudun nan fa ba na kasuwa ba ne. Cikin tafuka biyu ne na matsakaicin mutum, bai kai lita ɗaya ba. Malamanmu na Malikiyya ba su yanke wa ruwan alwala iyaka ba, amma sun lissafa taƙaita shi cikin mustahabbai. Na haddace wannan, na ba da jarrabawa a kansa, na kayar da yara. Famfon gida ne bai taɓa tambayata ba.

Washegari wata yarinya cikin ɗalibanmu, ba ta fi shekara tara ba, ta yi alwala a gabana da 'yar ƙwarya. Ta wanke kowace gaɓa, har da tsettsefe 'yan yatsu, ta kuma rage saura ta miƙa wa ƙanenta. Ban ce komai ba.

Da muka dawo gari na sa kafinta ya kafa ƙusa a jikin ƙofar bas, na rataye ƙaramin kofin silba. Da shi muke awo yanzu, kuma jarka huɗun nan suna kai mu mako guda har da girki. A gida dai, Allah Ya yafe mini, har yau hannuna yakan riga ni zuwa famfo.